Hannun da Ya Buɗe Get Ranar Kasuwa

Fim ɗin nan da yara ke ta yabo yanzu a waya, wanda suke cewa ba a taɓa yin na ban tsoro kamarsa da Hausa ba, a bayan gonarmu aka ɗauki rabinsa. Ba zan kama sunansa ba, wanda ya sani ya sani. Ina cikinsa. Ba fuskata ba, hannuna kawai, shi ma bai daɗe a kan allo ba kamar a yi sallama a amsa. Hannun nan ne ya raba mahaifina da mutuncinsa a garinmu, ni kuma ina tsaye ina kallo aka ɗora masa laifin, ban ce uffan ba.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal. Wanda bai taɓa noman rani ba, zai yi wuya ya gane, amma a wurinmu ruwa yana iya wucewa ta ƙofar gonarka yana sheƙi, kuma ba naka ba ne sai ranarka ta zo. A bayan gonarmu kanal ɗin ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya gangara kudu. A wurin rabuwar akwai get na ƙarfe mai sitiyari a ka, an zagaye shi da sarƙa an datse da kwaɗo. In ka buɗe wa gabas, ruwan can yake kwarara, don wajen ya fi gangara, 'yan kudu sai dai su ga laka. Manoma ne da kansu suka taru suka damƙa wa Baba mukullin, tun ina ƙarami. Ba a biyansa ko sisi. An ba shi ne don shi mutum ne da ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya zo yana roƙon a ƙara masa awa guda, sai ya ce ya jira ranarsa. Ya ɗaura wa mukullin jan zare, yana rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa tun yanzu. Bahago aka haife ni. Baba bai yarda da wannan ba ko kaɗan. In muka zauna cin tuwo, tsumagiya na gefensa, da na miƙa hagu sai in ji ta a bayan hannu. Har ɗaure mini shi ya taɓa yi da gyale. Kafin in shiga makaranta na koma dama tsaf, da ita nake ci, da ita nake rubutu, da ita nake gaisawa, kowa ya manta. Sai dai in abu ya cije, kamar murfin galan ko tsohon famfo, hagun ce ke fitowa da kanta ba tare da ta yi shawara da ni ba.

'Yan fim ɗin sun zo ne da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, kowa yana ƙirga ranarsa da yatsu. Labarinsu na wata aljana ce da ke zaune a ƙarƙashin get, in an buɗe ruwa sai ta taso. Sun ga reshen gabas ya yi musu, ga gonar rake ta kare shi daga hanya, ga itatuwa sun yi duhu. Matsalar ita ce a bushe yake, kuma washegari kasuwar Bunkure, ranar ruwan 'yan kudu. Daraktan ya je ya durƙusa wa Baba. Baba ya ce ranar gabas jibi ce, su jira. Daraktan ya ce kyamarar ta aro ce, gobe da yamma za a mayar. Baba ya ce to Allah ya kai su lafiya.

Ni daraktan ya tare a bakin hanya. Lokacin na ɗan haura ashirin, ina taje suma sau uku a rana, ina ganin garin ya yi mini kaɗan. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai samari, me kake yi a ƙauye da wannan fuskar? Ai fuskar fim ce." Wallahi iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ba ni komai ba, ban kuma tambaya ba. Da ma cin hanci na karɓa, da na san dalilin da zan faɗa. Fuska kawai aka yaba mini, na sayar da ruwan mutane.

Da asuba Baba ya saki wa kudu ruwa, ya kulle, ya rataye mukulli, ya hau keke ya tafi kasuwa kamar sauran mazan garin. Da hantsi na zare mukullin. Daraktan ya ce rabin awa ya ishe shi. Na buɗe kwaɗo, na kama sitiyari da dama, ya ƙi motsi. Na sa hagu, ya yi ƙara ya juya. Daraktan ya daka tsalle ya ce, "Yauwa! Haka! Sake yi!" Na sake, na ɗaga kai ina kallon kyamara da irin fuskar da na kwana ina gwadawa a madubi.

Rabin awa ta koma har bayan azahar. Yarinyar da ke fitowa a aljana 'yar birni ce, an lulluɓe ta da farin yadi, an shafe mata fuska da alli, an baje mata gashi. Tsoron matsattsaku take. Da ta nutse sai ta taso da ihu tun ba a ce ta taso ba, ko ta fashe da dariya, ko allin ya wanke a sake shafawa. Ni kuwa ina zaune a kan get ina shan rake, ruwan 'yan kudu yana ta wucewa ta ƙarƙashina.

A can ƙarshen reshen kudu akwai wani abokin Baba, manomin albasa, tare suka taso. A satin ya yi dashe, bai je kasuwa ba saboda ruwan. Ya gyara komayen dashensa inda ruwan zai kwanta, ya jira, ruwa ya fara zuwa sai ya tsaya. Da rana ta take ya gaji, ya biyo bakin kanal ya ga inda ruwan ya maƙale. Yana zagayo gonar rake daga nesa, sai ga mace fara fat ta taso daga cikin ruwa, gashi a baje. Bai ga kyamara ba, bai gan mu ba. Ya juya da gudu har ya bar takalmi ɗaya. Mu ma ba mu lura da shi ba.

Dashensa ya ƙone. Na wasu ma tumatir ya zubar da fure. Gari ya ɗauka cewa aljana ce ta shanye ruwan, tunda ga wanda ya gan ta da idonsa, kuma ba mai shan komai ba ne. An san 'yan fim sun zo, amma a wani kango aka fi ganinsu, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Aka sa mai albasa shan rubutu, aka yi masa hayaƙi. Mutane suka daina bi ta bayan raken. Baba ne kaɗai ya je wurin get ɗin da yammacin ranar da abin ya faru, ya daɗe kafin ya dawo. Daga ranar bai ƙara rataye mukullin a ƙusa ba, a aljihunsa yake kwana. Na ce a raina tsoron aljana ne.

Bayan damina kaset ya fito. Mai gidan kallon garinmu ya sanar cewa bayan la'asar zai saka, kowa ya zo ya ga garinsu a talabijin. Kai, ranar har dattawan da ke cewa fim shashanci ne sun zo da tabarmarsu. Aka ja Baba da ƙyar, ya zauna a gaba. Ni ina can baya, na sa sabuwar riga, ina jira a ga fuskata a yi tafi. Ka ji wauta, ko sau ɗaya ban yi tunanin abin da za a gani tare da fuskar ba.

Aka zo wurin. Kiɗa ya canja, aljana ta taso, mata da yara suka sa ihu. Maza kuwa suka ƙura wa kanal ɗin ido. Sai wani tsoho ya ce, "Kai, tsaya. Wannan ba reshen gabas ba ne?" Wani ya ce shi ne. "To mayar da shi baya." Mai gidan kallo ya ce ba a mayar da fim baya ana tsakiyar kallo. Aka taso masa, ya mayar. A karo na biyu aka hango wani ɗan mutum can nesa a bakin kanal, sanye da farar riga, ya taho, ya tsaya cak, ya juya a guje. Ɗakin ya kece da dariya, ana nuna mai albasa, wasu har da buga ƙafa. Dariyar ba ta daɗe ba. Kowa ya san ranar da ya ga aljana, kowa ya san ruwan wa ke nan ranar.

Aka ce a ƙara mayarwa baya. Sai ga kwaɗo a buɗe, mukulli yana reto da jan zarensa, ga hannu a kan sitiyari yana juyawa. Fuskata babu ita. Daraktan ya yanke ni daga kafaɗa. Kaset ɗin dishi-dishi ne, janareta na wasa da hoton, hannu dai hannu ne. Jan zaren ne ya fito ras.

Sau biyar aka mayar da wurin. Daga nan dattawa suka naɗe tabarma suka fita, aljana tana can tana ta kashe mutane ba mai kallonta. Har yau rabin garinmu ba su san yadda fim ɗin ya ƙare ba.

Washegari aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Aka ce, "Malam, ga abin da aka gani. Me za ka ce?" Baba ya zaro mukullin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Mukullin nawa ne, ni aka ba wa amana. Ku yi haƙuri." Aka ce nawa suka ba ka? Mai albasa ya miƙe ya ce, "Albasar ba ta dame ni ba. Amma kana kallo na yi wata da watanni ina shan rubutu, kana zuwa duba ni, kana ce mini sannu. Haba, Malam!" Ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa.

Ina tsaye a jikin katanga, taku goma tsakanina da tabarmar. Ana so in ce zuciyata ta yi ta bugawa, ko na yi ta yaƙi da kaina. Babu ko ɗaya. Ƙishirwa kawai nake ji, da haushin an yanke mini fuska. Da aka watse na je na sha ruwa.

A birni fim ɗin bai yi kasuwa ba. Wani mai sharhin fina-finai a rediyo ya yi masa kaca-kaca, ya ce tun da yake bai taɓa ganin aljana mai ɗaure da agogo ba, kuma allin fuskarta yana zuba kamar an yi wa bango ruwan sama. Wata mujallar fim ta ce an yi asarar kaset, har wani ɗan ƙauye ya shigo cikin hoto daraktan bai ma gani ba. Na ji daɗi. Na ce shi ke nan, zai mutu a manta. A birni kam ya mutu. A garinmu sai ya samu wurin zama.

Ba wanda ya zagi Baba ido da ido. An dai daina kiransa. In ana rikicin iyakar gona, a da shi ake fara nema, yanzu sai a wuce ƙofarmu a je a kira wani. In za a ɗaura aure ba a ce ya matso gaba. Samari suka laƙaba masa "ɗan fim", mutumin da sau ɗaya ya taɓa shiga gidan kallo a rayuwarsa. Mai albasa ya canja hanyar zuwa masallaci. Baba ya ci gaba da nomansa, in ranar ruwanmu ta zo ya tsaya a layi kamar kowa, yana kallon wani yana buɗe get.

Ƙarya nake in na ce na sha yunƙurin faɗa masa. Sau biyu ne a duk shekarun nan. Na farko ranar ɗaurin aurena, na shiga ɗakinsa na ce, "Baba, akwai wata magana." Ya ce, "Ka sayo takin?" Na ce a'a. Ya ce to in je in sayo. Na biyu ma haka, sai dai irin shinkafa ya tambaya. Ni kuma da sauri nake karɓar hanyar fita. Abin ya zauna mini kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ba ciwo take ba, ba ka dai jin ta.

Bara ne babbar 'yata ta dawo hutu daga jami'a a Kano. Lokacin Baba ya shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, amma bakinsa na fita, hankalinsa ras. Muna fito da shi rumfa bayan azahar ya sha iska. Ta zo ta zauna kusa da shi da wayarta ta ce, "Angona, ashe garinku ya yi suna ba ka gaya mini ba? Tsohon fim ɗin nan na aljanar ruwa, an gyara hotonsa an ɗora, kowa maganarsa yake." Ya ce, "Amarya, ke dai ba kya rabo da kwashe-kwashe." Ba ta san komai ba. Ba a taɓa yin maganar a gidanmu ba.

Ina gefe ina gyaran tiyo. Ta fara karanto masa abin da masu sharhi ke rubutawa. Wai daraktan ya riga zamaninsa. Wai agogon hannun aljanar da gangan ne, yana nuna lokaci ya tsaya mata. Wai mutumin nan mai farar riga da ke ɓullowa daga nesa ya ɓace, fatalwa ce, kuma ba a taɓa tsara abin tsoro mai kyau kamarsa ba. Na ce a raina oho, fatalwar tana nan a ƙarshen layi tana fama da ciwon gwiwa.

"Amma wanda ya fi burge su," in ji ta, "hannun da ke buɗe ruwan. Sun ce ku lura, hagu ce. Wai daraktan yana nuna ba ɗan Adam ne ya buɗe ba, shaiɗan ne, shi ya sa ba a nuna fuska ba." Ta kai masa wayar kusa da ido. Hoton ya fito tar, har tsatsar sarƙar ana gani.

Baba ya kalla, bai ko ƙifta ba. Ya ce, "Ba shaiɗan ba ne. Shekara uku na yi ina dukan hannun nan, bai ji ba."

Ya faɗe shi ne kamar mai faɗin farashin buhu. Sannan ya juyo da kai wajena ya ce, "An ba wa tumatir ruwa?" Na ce an ba shi. Ya ce to madalla, ya rufe ido.

'Yata ta dubi wayar, ta dubi tiyon da nake murɗawa, ta ga da wane hannu nake murɗa shi. Ta tashi ta shiga cikin gida. Ya kamata in faɗi a gabansa in yi kuka, na sani. Na jira kukan bai zo ba. Na ƙarasa gyaran tiyon na rataye shi.

Na ce a raina ranar Juma'a bayan an idar zan tashi in faɗa wa jama'a, yana da rai, a zo a ba shi haƙuri. Juma'a ta zo, na ce sai ta sama. Juma'a uku suka wuce. Ranar wata Talata da safe, ina gona, aka aiko.

A rana ta uku ta zaman makoki mai albasa ya zo, ya tsufa tukuf, yana dogara sanda, ido ya yi rauni. Shekara da shekaru bai tako ƙofar gidanmu ba. Aka matsa masa ya zauna kusa da ni. Bayan addu'a ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku shaida. Maganar ruwan nan da ke tsakanina da marigayi, na yafe masa duniya da lahira. Allah ya yafe masa wannan kuskuren." Aka ɗauki amin, ana cewa ya kyauta.

Sai na ji bakina yana magana. Na dubi mai albasa na ce, "Baba, ba shi ba ne. Ni ne. Ni na ɗauki mukullin yana kasuwa, ni na buɗe get ɗin. Bai san komai ba sai da ya dawo."

Tsohon ya lalubo hannuna ya riƙe da nasa biyu, yana shafawa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kowa ya haifi irinka ya huta. Amma bari, mamaci ba ya buƙatar a yi masa ƙarya. Muna zaune ya ajiye mukulli ya ba da haƙuri."

Na ce, "Wallahi ni ne. A duba a waya, hoton ya fito sosai yanzu. Hannun hagu ne. Baba ba bahago ba ne, ni ne bahago."

Wani sa'ana da muka taso tare ya ce, "Haba kai kuwa! Tun muna yara muke cin tuwo kwano ɗaya, yaushe ka zama bahago? Zafin rashi ne, ku rabu da shi." Wani ya miƙo mini ruwa a kofi. Na karɓa da dama, don haka aka koya mini.

Liman ya ce a yi fatiha, Allah ya yafe wa Malam kurakuransa, wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Na ɗaga hannu tare da kowa, na shafa. Aka ci gaba da karɓar gaisuwa. Ranar ruwanmu ce, sai na aiki maƙwabcina ya ba wa tumatir ɗin.